Ciwon da Ba Ya Bin Wata

Azumi ya zagayo ya dawo inda na san shi, cikin furen dogon yaro. Shekaranjiya bayan sallar asuba ina zaune a kan darduma, ban gama lazimi ba, iska ta ɗebo ƙamshin nan daga can ƙarshen layinmu, mai zaƙi-zaƙi kamar an buɗe tulun zuma a gidan maƙwabta. Kafin in shafa addu'a na yi atishawa bakwai. Jikata ta leƙo ta ce, "Habboba, in kawo miki maganin fesawa?" Na ce ta bari tukuna. So nake in ɗan zauna da ƙamshin ko da zai ci ni, don shekara talatin da 'yan kai ke nan rabon da ya same ni da ƙishin azumi a maƙogwaro. Yaran yanzu nim suke ce wa itacen, kamar Larabawa. Ni dogon yaro na taso na ji, kuma na san shi sanin da ban roƙa ba.

An kawo ni Gadarif daga Hawata a ƙarshen kaka, bayan an gama yankan riɗi. Mijina kafinta ne a kasuwa, angarib yake yi, gadon nan na katako da igiya, kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a. Har uwarsa Hajja haka take kiransa, don ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Sayen katako ya kai shi garinmu muka ga juna, kuma ba zan ɓoye ba, ni na fara ƙyasawa.

Gidan bukka uku ne masu jinka, da danga, sai dogon yaro guda ɗaya kusa da ƙofa, rabin inuwarsa a tsakar gida, rabi a kan layi. Marigayi mijin Hajja ya dasa shi shekarar da suka dawo daga Makka suka ce bari su huta damina ɗaya a Gadarif kafin su nufi yamma, ƙasar haihuwa. Hutun ke nan har yau. Da ruwan alwalarsa ya raine shi. Bayan rasuwarsa Hajja ta mayar da rayuwarta ƙarƙashin itacen. Nan angarib ɗinta yake, nan take jan carbi, nan take tsince riɗi, nan take karɓar baƙi ta dafa musu gahawa. Bukkarta ta ajiyar kaya ce kawai.

Wanda bai yi bazara a Gadarif ba bai san darajar inuwa ba. Baƙar ƙasar nan da ke riƙe takalmi da damina, da bazara tsagewa take yi har ɗan tsako ya faɗa ciki. Da hantsi duwatsun bayan gari sai su yi ta rawa a ido. Ruwa kuwa sai mai jaki ya kawo a ganga, in ka ji ƙarar sandarsa a jikin gangar ka fito da gudu, in ka yi nawa ka wuni da tulu a bushe.

Shekarata ta farko, da Sha'aban ya kama, matan layi suka fara aikin abre. Dawa ake tsirarwa a shanya, a niƙa, a dama da citta da kirfa da tsamiya da hulba, a bar ƙullun ya kwana biyu ya yi tsami, sannan a toya shi falle-falle a kan farantin ƙarfe. Shi ake jiƙawa a sha ruwansa in an kira magariba. Ba aikin mace ɗaya ba ne. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, ana tuya ana ba'a, hayaƙi da ƙamshi sun cika unguwa. Goma ga wata layi ya zo kanmu, aka hura wuta a gefen inuwar itacen. Ni amarya, ina son a ga hannuna, na karɓi wuta tun da hantsi. Kafin azahar hancina ya zama famfo, idanuna sun kumbura, kafin la'asar ƙirjina yana fito kamar buta a kan garwashi.

Kowa ya ce hayaƙi ne. Hajja ta sa aka fito da gadona ƙarƙashin itacen don in sha iska, ta tsinko ganyensa ta dafa mini na yi sirace. Abu ya ƙi. Da aka ga kwana biyar ba sauƙi aka sa ni a lori zuwa Hawata. Gidanmu yana kusa da gaɓar kogin Rahad, ba komai a tsakar gidan sai aduwa ɗaya. Kwana uku na miƙe garau, har ina daka. Bayan salla na dawo ɗakina, ban sake ko tari ba har shekara ta zagayo.

Shekara ta biyu aka hana ni zama bakin wuta, aka ce in riƙa ninke abre daga nesa. Saura kwana tara a ga watan azumi ciwo ya tashi, ya fi na bara. Aka sake fito da gado ƙarƙashin itace, aka sake sirace, aka sake lori. Na sake warkewa a kwana uku.

To, nan fa baki ya buɗe. Wasu suka ce son gida ne, 'yar Hawata ta iya ciwon da ke jin ƙamshin aiki. Waɗannan ba su dame ni ba, na san maganinsu. Waɗanda suka dame ni masu tausayi ne, masu rage murya su ce, "Gidan ne bai karɓe ta ba." Maganar ta bi lori har kunnen Baba. Baba malami ne mai sanyin magana, amma in ya faɗi abu ya zauna. Da Usta ya zo ɗaukata bayan salla, ina bayan zana na ji ya ce masa, "Ba ni da abin da zan ce da halinka. Amma ban ba ka Safiya don in zo ɗaukar gawa ba. In ciwon ya sake tashi zan zo da kaina in tafi da ita, kuma ba dawowa."

Na shiga shekara ta uku da wannan magana a ƙirji. Ina son mijina, ina son tsohuwar nan mai tsokana, ina son gidan da aka ce ba ya sona.

Daminar shekarar ba ta yi ba. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye tun ba ta fid da kai ba. Bukkar bayan gida da muke zuba hatsi ta zama wurin kwanan kaji. Sukari sai da katin rabo, shi ma sai an yi sa'a. Da Sha'aban ya zo mata suka haɗa ɗan tsiron da kowa ke da shi aka yi tuya ɗaya, a can wani gida nesa da namu, aka raba falle-falle. Ni ko ƙofar gida ba a bar ni na leƙa ba. Na ƙirga kwanakin watan ɗaya bayan ɗaya. Goma ta wuce, ashirin da ɗaya ta wuce, aka ga wata ina numfashi kamar kowa. Hajja ta ce, "Kin gani? Hayaƙi ne, halas, magana ta ƙare." Ranar har guɗa na yi a ɗaki ni kaɗai, Allah na tuba.

Ran biyu ga azumi, bayan asuba, na yi atishawa.

Kafin kwana huɗu ba na iya gama gaisuwa. In na ce "ina kwana" sai na tsaya na nemo sauran. Yanzu kuma aka ce azumi ne bai karɓe ni ba. Liman ya aiko cewa in sha azumin, na sha, ba abin da ya canza. Hajja ta sa aka fito da gadona ƙarƙashin itacen, ta jawo nata kusa. Direban lorin Hawata ya kai labari ya dawo da amsa: Baba yana tafe ranar Juma'a.

Kwanakin nan ban san ko barci nake ko ido biyu ba. Ina jingine da matasai uku, don kwanciya ba ta yiwuwa, ina kallon sama ta cikin ganye. Rana tana tsiyayowa ɗigo-ɗigo. Ƙudan zuma suna ta gunaguni a can ƙololuwa, ƙananan furanni farare suna zubowa a hankali, wani a kan mayafina, wani a gashina, wani a cikin kofin da ke gefena, kamar ana sheƙar gero a sama. Ƙamshin ya lulluɓe ni. Wani lokaci sai in ga Rahad ya cika ya shigo ta ƙofar gida, ba ƙara ba kumfa, ya ɗaga gadon yana lilo da ni, ina jin muryoyin 'yan matan garinmu suna wanki. Sai ƙarar sandar mai jaki a jikin ganga ta dawo da ni. In la'asar ta yi sanyi in ji mazan layi suna shimfiɗa tabarmi a ɗaya gefen dangar, a rabin inuwarsu, kowane gida ana fito da abin da ya samu, ƙosai biyar, kunu rabin ƙwarya, ruwan abre da aka tsinka har ana ganin gindin kwano. Usta yakan dawo daga kasuwa da wuri ya zauna nesa kaɗan, ya kwance igiyar wani gado da ba abin da ya same shi, ya sake ɗaurewa. Ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa. A raina na riga na shirya akwatina, na san abin da zan sa a ƙasa da abin da zan sa a sama. Kuma wallahi a lokacin gani nake duk gidan itacen nan ne ya fi tausaya mini, shi da ke mini fifita yana watsa mini fure.

Ranar Talata da la'asar Hajja tana tsince mini furen daga kitso, tana tarawa a tafin hannu. Ta ɗaga hannun za ta hure, sai ta tsaya.

"'Yar Hawata, bara waccan nawa ga wata kika kwanta?"

"Goma ga Sha'aban." Na huta. "Ran tuyarmu."

"Bara fa?"

"Ashirin da ɗaya."

"Bana kuma biyu ga azumi." Ta ɗauki carbi ta ja, ta ware wasu 'ya'ya, ta sake ja. "Kowace shekara sai ya ƙara kwana goma sha ɗaya. To, ciwon ne ke tafiya gaba, ko wata ne ke ja da baya ya bar shi a tsaye?"

Ban gane ba, ba ni ma da numfashin tambaya. Ita kuwa ba da ni take ba, da kanta take.

"Shekara talatin ina noma. Wa ya taɓa shuka da wata? Wata na salla ne da azumi. Shuka da rana ake yi. Ciwon nan ba ya bin wata, manomi ne." Ta dubi tafin hannunta. "Ran tuyar farko sai da na sa aka rufe ƙullu da mayafi, don abin nan yana zuba a ciki. Bara ma haka."

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon itacen. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar wadda ta kama ɗanta da hannu a tukunya. Can ta ce a hankali, "Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara uku da hannuna nake ɗauko ki ina kai ki bakinsa."

Nan take ta sa aka kore kaji daga bukkar hatsi, aka yayyafa ruwa aka share, aka mai da gadona can. Ta wanke mini kai da fuska, ta canza mini kaya, ta jiƙa mayafinta ta rataya a bakin ƙofa. Ban warke ba, amma da safe fiton ƙirjina ya ragu har ni kaina na ji. Ta jikin dangar bukkar na ji ta tare Usta zai fita kasuwa.

"Yau ba kasuwa. Ɗauko zartonka, aski za ka yi wa dogon yaro."

Ya ce, "Hajja, a tsakiyar bazara, cikin azumi? Ina za ki zauna? Ina mutanen layi za su sha ruwa?"

"Inda Allah ya zaunar da mu."

"Itacen marigayi Baba ne fa."

"Na fi ka sanin na wane ne, ni na riƙa miƙa masa buta. Ya dasa shi ne don mutanen gida su sha iska. Ga mutuniyar gida can ba ta shan iska. Ban ce ka sare ba, aski na ce. Ƙwal-ƙwal, kar ka bar reshe ɗaya mai fure."

"In kuma ba shi ba ne?"

"In ba shi ba ne na yi asarar inuwa. In shi ne fa, ka bar shi, me za ka yi asara ran Juma'a?"

Sai na ji ƙarar akwatin kayan aikinsa ya buɗe.

Aka ɗauke ni a keken jaki zuwa gidan ƙanwar Hajja can bayan kasuwa, don kar a kaɗo mini furen a ka. Abin da ya faru ba ni aka yi daga baya. Usta da maƙwabta biyu suka hau, da azumi a bakinsu, suka yi ta yanka har rana ta take. Aka ja rassan zuwa bayan gari. Hajja ta sa aka juye rabin gangar ruwa, ruwan kwana biyu, aka jiƙa tsakar gida da jinkar bukkoki, aka share da danshi. Matan layi da suka ce ciwon ƙarya nake su ne suka zo da tsintsiya, ban manta musu wannan ba, ɗayan ma ban manta ba.

Ranar Alhamis da yamma aka dawo da ni. Daga bakin layi na hango shi, gungume da kututture huɗu a miƙe, fari fat inda zarto ya bi. Gidan ya yi tsirara, har ya ƙanƙance. Maza suna shimfiɗa tabarmi a kan ƙasar da ta wuni tana shan rana, wani dattijo yana ɗaga ƙafa yana cewa yau kam an gasa su kafin su ci gashi. Na ga angarib ɗin Hajja a manne da danga, a 'yar siririyar inuwar da ba ta kai faɗin tabarma ba. Na fashe da kuka. Sai da na yi mai isata sannan na lura cewa kuka nake da dogon numfashi, irin wanda rabona da shi tun farkon wata.

Baba ya iso Juma'a da hantsi, da ƙurar hanya a rawaninsa. Ya yi sallama ya tsaya a ƙofa yana kallon gungumen. Hajja tana zaune a jikin danga da jiƙaƙƙen mayafi a ka, gumi yana bin wuyanta.

"Hajja, gobara aka yi?"

"A'a, Malam. Mun kama wanda bai karɓi 'yarka ba, mun yi masa aski. Shigo ka zauna, sai dai ka yi haƙuri da rana."

Ta yi masa bayanin wata da rana, da carbi a hannu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kira ni. Na fito na durƙusa a gabansa.

"Baba, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ibada? Ya su Inna? Ya ƙafar Gwaggo, ta daina kumburi? Ya yaran gidan Kawu? An samu ruwa a rijiyar gaɓa, ko sai an yi tono?"

Ya sunkuyar da kai gefe, ya kawo kunnensa wajena, na gane ba tambayoyin yake saurare ba, numfashina yake bi. Sai na ci gaba. Na tambayi maƙwabta gida-gida, na tambayi akuyarmu mai ƙaho ɗaya, har aduwar tsakar gida sai da na tambaya. Da na rasa wanda zan tambaya na yi shiru, ya ɗago ya ce, "Duk suna lafiya." Ya juya wajen Hajja. "Allah ya saka da alheri. Wannan rana da kike sha, Allah ya sa ita ce ta ƙarshe, duniya da lahira."

Ya sha ruwa da mazan layi a kan tabarma mai zafi. Washegari ya hau lori shi kaɗai.

Yanzu likita ya ba abin suna, hasasiyya, ya ce garin fure ne ke shiga ƙirji. Jikata tana duba waya ta ga kwanan wata biyu a jere, na wata da na rana, lissafin da ya ci mana shekara uku. Abre ma a leda ake sayowa. Da na samu wuri a bayan gida lemun tsami da gwaiba na dasa, kuma har yau ba na shara sai na yayyafa ruwa, ba na shanya a waje in ƙamshin nan ya tashi.

Itacen bai mutu ba. Da ruwan farko ya toho, kafin kaka ya yi gashi ya rufe gida. Amma addu'ar Baba rabinta na duniya bai karɓu ba, don kowace shekara in sanyi ya fara janyewa, tun kafin fure ya ɗaure, Hajja ce ke fara cewa, "Usta, gashin yaron nan ya yi yawa." Sai a aske shi, daidai lokacin da ake fara neman inuwa. Usta ya kafa mata rumfar kara, amma rumfa ba itace ba ce, zafi take tarawa. Shekara tara ta yi a duniya bayan nan, ba ta sake yin bazara a inuwar mijinta ba.

A shekararta ta ƙarshe jiki ya yi rauni, na ga yadda take haki tun sanyi bai gama tafiya ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na zauna a bakin gadonta na ce, "Hajja, bana a bar shi. Ni sai in kwashi yara mu je Hawata wata biyu, ki sha inuwarki, in fure ya zube mu dawo."

Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon da take yi wa mai tsadar tumatir.

"In kin tafi, da wa zan yi hira a inuwar? Tashi ki kira mini Usta."